Soron Kwara da 'Yar Ƙofar Yaya

Shekarar da maigidana ya gina soronsa irin na Kwarori ban daɗe da zuwa ɗaki ba, lallen amarci ma mutane ba su gama mantawa da shi ba. Zamanin Turawa ne, bayan babban yaƙinsu na biyu, lokacin da gyaɗa ta yi daraja har wanda bai taɓa riƙe fartanya ba yana zancenta. Shi mai awo ne a kantin wani Kwara, ɗan kasuwa mutumin bakin Bahar Rum, a Malam Madori, inda jirgin ƙasa yake tsayawa. Da kaka can yake zama, sai Alhamis ya hau kekensa ya dawo mana Haɗeja ya yi Juma'a. Sauran maza in sun dawo daga tasha tsarabar sabulu da turare suke kawowa. Nawa yakan kawo waɗannan, ba zan ci haƙƙinsa ba, amma babbar tsarabarsa ita ce labarin gidan ubangidansa.

Ban taɓa ganin gidan nan ba, amma in aka ba ni gawayi zan zana shi. Fari ne tas ciki da waje. Ƙofofi da tagogi na katako, masu ganye biyu, an shafe su da shuɗi. Gaban ɗakuna akwai baranda mai baka-baka, a tsakar gida rumfa ce da inabi ya hau, ga manyan tuluna jere an shuka ganye mai ƙamshi a ciki. A ɗakin baƙi an yi dakali ya zagaye bango, an shimfiɗa masa katifu da matasai, ga faifan tagulla a tsakiya ana ɗora 'yan finjalan gahawa. Sai kuma abin da ya fi tafiya da hankalinsa, wato matakala da ta hau har kan soro, inda Kwaran yake zama da yamma yana shan iska. Wai ya gaya masa a garinsu na bakin Bahar Rum kowane gida haka yake, in rana ta yi sanyi kowa da iyalinsa sai su hau sama, ana gaisawa daga soro zuwa soro.

In ya kai nan a labarin sai ya dube mu, ni da mahaifiyarsa da muke kira Inna, ya girgiza kai ya ce, “Ku kifin rijiya ne, ba ku san duniya ba.”

Inna takan ce, “To kifin kogi, miƙo mini goro.”

Ni kuwa duniyata a lokacin ba ta da faɗi, amma ta ishe ni. Ina kulle, iyayena suna can wajen Auyo, sai salla-salla nake ganinsu. Abin da ya riƙe ni shi ne wata 'yar ƙofa a jikin katangar da ta raba mu da maƙwabta. Tun zamanin kakan maigida aka bar ta, gajera ce, sai ka sunkuya, kuma maza ba sa bi ta nan. Ta bayanta akwai matar maƙwabcinmu, wadda nake kira Yaya. Ta girme ni sosai. Ita ta koya mini yadda ake wanke tarwaɗa da toka, ita take mini kitso, ita take gane fuskata in kewar gida ta taso ta ce in zo mu tsince shinkafa. In gishirina ya ƙare ba na tunani, sunkuyawa kawai nake yi. A wuni ɗaya ban san iyakar shiga da fitar da muke yi ta ƙofar nan ba.

Mijin Yaya masunci ne, Babarbare, maigidana kuwa Bafulatanin gari, saboda haka tsakaninsu wasa ne tun suna yara. Da safe in sun haɗu a ƙofar gida sai ka ji ɗaya yana cewa, “Bawana, an tashi lafiya?” ɗayan ya ce, “Yau kuma bawa ne yake gaida ubangijinsa a tsaye?” Kifi yana shigo mana, mu kuma man shanu da gyaɗa suna fita. Da wannan zama na tarar da su.

Da aka rufe cinikin gyaɗa a shekarar, maigida ya dawo gida gaba ɗaya, ya kira magini. Aka rushe tsohuwar shigifa, aka zuba tubali, aka kawo azara. Magini ya yi masa baranda da baka uku, don wannan ba baƙon abu ba ne a wurin maginanmu. Tagogi ne aka ɗan yi ja-in-ja, shi yana son su dubi hanya kamar na Kwara, Inna ta ce in dai tana numfashi ba za a mayar mata da gida rumfar kasuwa ba. Aka juyo da su tsakar gida. Aka shafe bango da farar ƙasa har in rana ta take sai mutum ya runtse ido. Fenti shuɗi bai samu ba, sai ya je marina ya karɓo ruwan baba aka shafa wa ƙyamare, muka yi kwanaki duk wanda ya jingina ya tashi da shuɗin baya. Inabi ya ƙi, ya dasa ya sake dasawa yana bushewa, daga baya ya haƙura ya shuka soso, shi kuwa ya hau rumfa ya yi lif. Tulunan ruwana biyu masu kyau ya ɗauke ya cika da ƙasa ya sa ɗoɗɗoya, akuyar Inna ta yi masa godiya ta cinye.

Duk da haka gidan ya yi kyau, in ban faɗa ba na yi ƙarya. Barandar nan akwai sanyi, dakalin da ya sa aka yi a ɗaki kuwa da na jera masa matasan fata sai ga shi kamar ɗakin matar alƙali. Yaya ta sunkuyo ta shigo ta zagaya ko'ina, ta taɓa nan ta taɓa can, ta zauna a kan dakali ta miƙe ƙafa ta ce, “Amarya, yanzu sai da sallama za a riƙa shigo miki.” Muka yi ta dariya. Ba wadda ta kula da matakalar da ake ƙarasawa a gefen ɗakin.

A garinmu akwai al'ada, kuma kowa ya san ta. In namiji zai hau wani wuri mai tsawo a cikin unguwa, ko gyaran soro kafin damina ko saran reshen bishiya, sai ya ɗaga murya ya ce, “A gafara, za a hau sama.” Matan gidajen da ke kusa sai su shige ɗaki, ya yi abin da zai yi da sauri, ya sauko ya ce an sauka, kowa ta fito ta ci gaba da aikinta. Abu ne na sau ɗaya ko biyu a shekara, ba wanda yake jin nauyinsa.

Maigidana mutum ne mai ladabi, bai taɓa hawa bai faɗa ba. Ranar farko bayan la'asar ya ɗauki tabarma da matashi da butar shayi, ya tsaya a gindin matakala ya yi kiran nan da murya mai daɗi, ya hau. Bai sauko ba sai da aka kira magariba. Kashegari ma haka, jibi ma haka. A ganinsa tunda ya nemi gafara ya fita haƙƙin kowa. Daga kan soron nan kuwa tsakar gidan Yaya a tafin hannunsa take, da murhunta da turminta da inda take shanya, don gidansu ne kawai ya manne da namu ta wannan gefe. Tsakanin la'asar da magariba kuma shi ne lokacin da mace take tsakar gida, ga daka, ga tuwo, ga bandar kifin da miji ya kawo. Yaya sai ta bar komai ta shige ɗaki a cikin zafin bazara ta zauna tana fifita, shi yana can sama yana kurɓar shayi yana kallon fadama.

Da fari maƙwabci da wasa ya ɗauki abin. Na ji shi ta zaure yana cewa, “Kai Bafulatani, shanun ne suka ɓace kake hangen su daga sama? Sauko, ni na sayar da su.” Maigida ya ce ai shi ba ya duban gidan kowa, gabas yake fuskanta, kuma mutanen Bahar Rum da suka fi mu wayewa haka suke yi. Bayan wasu kwanaki maƙwabci ya sake magana, wannan karon ba dariya, ya ce bandarsa tana ƙonewa, tuwonsa yana zuwa ɗanye. Maigida ya ce soronsa ne, da guminsa ya gina. Maƙwabci ya kafa zana a kan katanga, soro ya fi ta tsawo, iskar farkon damina ma ta zo ta kwashe ta. Daga nan aka daina kiran juna bawa. Suka koma “Malam, ina kwana,” “Lafiya lau, Malam,” kuma a tsakanin Bafulatani da Babarbare wannan gaisuwa ta fi zagi muni.

Wata safiya na ɗauki ƙoƙo zan karɓo daddawa, na sunkuya, sai goshina ya bugi ɗanyar laka. An toshe ƙofar daga can ɓangaren, har ga shatin yatsu. Na tsaya da ƙoƙo a hannu kamar wadda aka aika ta manta saƙo. Ranar na yi kuka sosai, kuma ban ɓoye ba.

Na roƙi maigida ya bar hawan nan, ya ce in ya bari yanzu za a ce tsoro ya ji. Na ce to ya bar ni in zaga ta waje bayan isha in gaida Yaya, ya ce ba matarsa da za ta taka gidan da aka toshe mata ƙofa. Can ma an kafa wa Yaya irin wannan doka. Abin da ya rage mana shi ne magana ta kan katanga, ita kuwa maganar kan katanga ta unguwa ce duka. Ina kwana, ina gajiya, yaya ruwan jiya, shi ke nan. Wani lokaci in tana daka sai in ɗauki taɓarya in amsa mata daga nan, mu yi ta lugude bango a tsakani, har Inna ta ce za mu fasa mata turmi.

Haka damina ta shiga ta yi nisa. Ruwa ya wanke shuɗin ƙyamare ya zubo da shi a kan farar ƙasa, kogi ya cika ya malala cikin fadamu, shinkafa ta fara fitar da kai. Duk ranar da ba hadari maigida yana sama. Ni na san rabin hawan nan ba don iska ba ne, don sauro yana cinsa a can, ina ganin yadda yake saukowa yana susa. Kitsona ya tsufa, Inna ta gwada yi mini, hannunta yana rawa, na fito kamar an yi wa ɗan tsako aski. Na rame, abinci ma ba ya mini daɗi. Gidan da kowa yake zuwa kallo ni ya ishe ni.

Sai wata rana muka ji ana kafa itace a gidan maƙwabci. Kafin azahar ga wata doguwar rumfa ta tashi a tsakar gidansa, irin wadda ake kafawa a gonar shinkafa a hau ana korar tsuntsayen jan-baki, ƙafafu huɗu dogaye da shimfiɗar kara a sama. Ta ɗara katangarmu sosai, ta yi daidai da soron maigida. La'asar tana yi maigida ya yi kiransa ya hau. Bai gama shimfiɗa tabarma ba sai muka ji wata murya mai kauri daga can, “A gafara, za a hau sama.” Ga maƙwabci ya hau da komarsa a kafaɗa, ya zauna ya juya mana baya yana ɗinkin raga.

Ina tsakiyar tankaɗe a lokacin, ruwan tuwo yana kan wuta. Na dubi Inna, Inna ta dube ni.

Ta ce, “Me kike jira? Ba ki ji an ce a gafara ba?”

Ban taɓa bin al'ada da daɗin rai kamar ranar ba. Na ajiye rariya, na shige ɗaki, na hau dakalin Kwara na jingina da matashi. Ruwan tuwo ya tafasa ya ƙone, wuta ta mutu. Inna tsohuwa ce, ba ruwanta da ɓuya, tana zaune a baranda tana jan carbi, amma ko muciya ba ta taɓa ba. Da aka sauko da magariba maigida ya tambayi tuwo, ta ce, “Ni na gama nawa tuƙin tun kana tsumma. Matarka kuwa an hau mata sama.” Ya kwana da gyaɗa soyayyiya da ruwa.

An ce ramuwar gayya ta fi gayya zafi. Kashegari ya ce in yi girki tun da rana. Na yi, ya sauko ya tarar da tuwo ya sandare, miya ta yi sanyi, ya ci yana ɓata fuska. Na ce masa ai haka Yaya take ba mijinta tun bazara. Ya ture akushi ya tashi. Washegari maƙwabci ya ƙara da hawan safe, wai raga ba ta ƙare ba, saboda haka kunun safe ma ya tafi. Wanki ya taru, tsakar gida ba shara, kaji suka mayar da baranda tasu. Maza biyu magidanta suna zaune a sama kamar shamuwa, wannan ya juya wa wannan baya, kowa cikinsa yana kuka, mu kuma muna ɗaki muna hutawa. Mutanen unguwa har tsayawa suke yi a hanya suna kallo.

Abin da ya kawo ƙarshensa akuyar Inna ce. Wata yamma na bar garin dawa a ƙwarya a bakin turmi na shige, ita kuwa ta tsinke igiya ta zo ta sa kai. Inna tana kallo ba ta ce kul ba. Maigida daga sama ya hango tuwonsa na dare yana tafiya, ya yi ta “kai, kai” yana jifa da takalmi, akuya ko a jikinta. Ina leƙe ta tagar nan mai ganye biyu, sai na ga kafaɗun maƙwabci suna rawa. Ya yi ƙoƙari ya riƙe, abin ya fi ƙarfinsa, ya fashe da dariya har rumfar tana girgiza.

Bai juyo ba ya ce, “Bafulatanin da akuya ta raina, ina amfaninsa?”

Can sai na ji maigida ya ce, “Babarbaren da ya bar kogi ya koma kamun kifi a sama fa? Bawana, yunwa nake ji.”

Maƙwabci ya ce, “Ni na fi wata huɗu ina jin ta. Sauko mu yi magana a ƙasa kamar mutane.”

A zaure suka zauna, Inna ta aika musu da fura. Ba a kira kowa ba, su biyu suka yanke. Za a ɗaga bangon kan soro ta gefen maƙwabci da ta bayan gida har ya wuce tsayin mutum, a bar gabas kawai a buɗe, inda ba gidan kowa sai fadama da ruwa. Maƙwabci zai kwance rumfarsa, itacen kuma ya ba maigida ya kafa a kan soro, soso ya hau ya yi masa inuwa. Kafin bango ya tashi ba mai hawa ko'ina. Maigida ya shigo yana ba mu labari kamar shi ya ci nasara, wai ai dama a Bahar Rum ma akwai masu irin wannan bango. Inna ta ce Allah ya sa, ta miƙa masa fartanya ta nuna masa katanga.

Da safe bayan an karya ya tuɓe riga ya fara sara daga nan, maƙwabci yana sara daga can, suna zagin kakannin juna cikin nishaɗi. Lakar ta sha damina ta yi tauri. Ina tsaye a baya da tsintsiya. Da rami ya buɗe suka kwashe ƙasa, kowa ya koma zaurensa don a ba mata wuri.

Na durƙusa ina leƙe, ina cewa, “Yaya, shigo mana.” Na ga ƙafafunta, na ga hannunta ya dafa bakin ƙofa, amma ta daɗe ba ta sunkuyo ba. Da ta shigo a karkace ta shigo, a hankali, tana nishi. Ta miƙe tsaye ƙura a kan ɗankwalinta, sai na ga dalili. Ciki ne da ita, ya fito sosai. Yaya ta yi shekara da shekaru a gidan nan ba ta taɓa ko ɓari ba, har ta daina zancen, ni ma na koyi kada in yi mata shi.

Na kama hannunta ina dubanta ina duban cikin, hawaye yana zuba, ina dariya.

Na ce, “Yaya, kullum muna gaisawa, ba ki gaya mini ba.”

Ta ce, “Ta kan katanga? A daren da na tabbata na ce gari na wayewa ke zan fara gaya wa. Na fito da safe na tarar mijina yana kwaɓa laka.” Ta goge mini fuska da bakin zanenta, ta dubi kaina ta ce, “Wa ya yi miki wannan kitson?”

Inna ta taso daga baranda ta zo ta tsaya, ta daɗe tana kallon Yaya, bakinta yana motsi da addu'a. Sannan ta juya wajen zaure ta kira ɗanta. Ya leƙo, fartanya tana hannunsa.

Ta ce, “Kada ka ajiye ta. Ƙara wa ƙofar nan faɗi da tsawo, nan gaba da goyo za a riƙa bi.”